Hukuncin Ƙulla Abin Hannu na Zare da Duwatsu: Ado Ne ko Laya?

TAMBAYA

Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a wani ƙauye tsakanin Ɗambatta da Makoɗa. Sana'ata a cikin gida ita ce ƙulla abin hannu na zare, in jera masa duwatsu, yara su kai min talla gidajen biki da ranar kasuwa. Da shi nake sayen sabulu, nake biya wa yara kuɗin Laraba. To ƙanin maigidana ya dawo daga karatu a Kano, ya ga wanda na ɗaura wa 'yata mai shekara uku, ya sa reza ya yanke, ya ce shirka ce, kuma ƙulle-ƙulle aikin masu sihiri ne. Ba zan ɓoye wa Malam ba, akwai matan da ke aiko min in yi musu na baƙin zare da wuri guda ɗaya, saboda bakin mutane ko haƙorin yaro. In bar sana'ar ne?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Malama, kada ki bar sana'arki. Abin da za ki bari wani yanki ne ƙarami a cikinta, kuma ke da kanki kin nuna shi a ƙarshen tambayarki.

Malamai ba sa yanke hukunci a kan abin da ba su san siffarsa ba. Saboda haka kafin in amsa na sa ɗaya daga cikin 'ya'yana mata ta ƙulla shi a gabana tun daga farko, ina kallo. Ga abin da na gani, domin amfanin wanda bai taɓa gani ba kuma yake son yin magana a kai.

Ana ɗauko zare guda a ninka shi biyu, tsawonsa ya zagaye wuyan hannu har ya yi rarar kamar taƙi ɗaya. Wannan shi ne uwa, kuma a jikinsa ake zura duwatsun tun farko. Sai a maƙale kansa a babban ɗan yatsan ƙafa, kamar yadda masu tufkar igiyar rama suke yi, ko a soke shi da fil a jikin matashin kai. Sai a yanko wani zaren mai tsawon kamu uku zuwa huɗu, a sa tsakiyarsa a ƙarƙashin uwar, rabi ya faɗo dama, rabi hagu. Na dama a kwantar da shi a kan uwa. Na hagu ya hau kansa, ya bi ta ƙarƙashin uwa, ya ɓullo ta madaukin da ya rage a dama, a ja su tare. Sannan a sake, amma wannan karon a fara da na hagu. Idan ana sauya hannu haka, saƙar takan fito shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma. Idan kuwa aka yi ta farawa da hannu ɗaya, sai ta riƙa murɗewa da kanta kamar igiya. Bayan ƙulli uku ko huɗu sai a turo dutse ɗaya sama, zarurrukan gefe su rungume shi, a ƙulle ta ƙasansa, a ci gaba. A ƙarshe ana haɗa bakunan uwar biyu su haye juna, a yi musu ƙulli biyar ko shida da ɗan guntun zare, yadda za a iya zugewa a matse ko a sassauta. In zaren roba ne sai a kanga masa ashana ya narke ya manne. Na auduga ba ya narkewa, sai dai a ƙulle shi da kyau.

Iyakarsa ke nan. Ban ga karatu ba, ban ga tofi ba, ban ji an ambaci sunan wani ko sunan uwarsa ba. Saƙa ce kamar saƙar hula ko faifai.

To ina maganar sihiri ta shigo? A Suratul Falaƙ Allah ya umarce mu da neman tsari daga sharrin masu tofi a cikin ƙulle-ƙulle. Malaman tafsiri da yawa sun danganta saukarta da sihirin da Labidu ɗan A'asam ya yi wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ɓoye a rijiyar Zarwana a Madina, wasu ruwayoyin ma suka ambaci ƙulli 11. Amma abin zargi a nan shi ne tofin da ake yi a kan ƙullin da neman taimakon shaiɗanu don a cutar da wani. Ba ƙullin ne abin zargi ba. Da ƙulli haramun ne, da babu mai ɗaure mazagin wando, babu mai ɗaura guga a igiya, babu mai ɗaure damin gero da kaka, da carbin da ke aljihun kowannenmu ma ya shiga ciki. Wannan ƙiyasin bai tsaya ba.

Duwatsun kuma ado ne, asalin ado kuwa halal ne, musamman ga mata. Aya ta 32 a Suratul A'araf ta yi inkari ga mai haramta adon da Allah ya fitar wa bayinsa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da abin wuya na duwatsun Zafari ta ƙasar Yaman. Shi ne ya tsinke a hanyar dawowa daga yaƙin Banu Musɗaliƙ, ta koma nemansa ayari ya tashi ya bar ta, kamar yadda Bukhari ya kawo a ƙissar ƙazafin da aka yi mata. A wata tafiyar ma abin wuyanta ya ɓace, aka tsaya nema a wurin da babu ruwa, sanadin saukar ayar taimama ke nan. Ki duba: an tsayar da rundunar Musulmi saboda jeren duwatsun mace, ba a ce mata me ya kai ki sa shi ba. Mu ma a ƙasar nan ba yau muka san su ba. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), har gobe ana sayar da tsakiya da murjani da jigida a cikinta, 'yan koli suna sarowa suna bin kasuwannin ƙauye da su. Nufawan unguwar Masaga a Bida sun shahara da narka kwalba su yi duwatsu da awarwaro. Iyayenmu mata sun sa, malamai suna gani, ba a ce sun kafirta ba. Yau dai na roba da gilashi da ake shigowa da su daga ƙasar Sin sun fi yawa, hukuncinsu kuwa ɗaya ne.

Amma ƙanin mijinki bai ƙago tsoronsa daga iska ba, kuma a nan nake so ki natsu. Larabawan jahiliyya suna rataya wa 'ya'yansu duwatsu da wuri da zare don kore kambun baka, suna kiransa tamima, Musulunci ya zo ya rushe wannan. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Bashir al-Ansari cewa a wata tafiya Annabi ya aika a tsinke duk wata tsirkiyar baka da aka rataya a wuyan raƙumi, Malik ya bayyana cewa a ganinsa saboda kambun baka suke ratayawa. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Uƙba ɗan Amir addu'a mai tsanani a kan wanda ya rataya tamima da wanda ya rataya wada'a. Wada'a kuwa ita ce wuri, wannan dai wurin da kika ambata. Ibnu Majah kuma ya kawo labarin Abdullahi ɗan Mas'ud da matarsa Zainab, inda ya tsinke zaren da aka yi mata tofi a kai, ya gaya mata cewa iyalinsa sun wadatu daga shirka.

Saboda haka zare ɗaya, dutse ɗaya, hukunci uku. Wadda ta ɗaura don kwalliya ba ta da laifi ko kaɗan. Wadda ta ɗaura tana cewa Allah ne mai tsarewa amma wannan zaren sababi ne, ta yi haramun, malamai suna kiransa ƙaramar shirka, domin ta mai da abin da shari'a ba ta sa shi sababi ba, kuma hankali da gwaji ba su tabbatar da shi ba, ya zama sababi. Maganin zazzaɓi an san yadda yake aiki a jiki. Wuri a wuyan hannu ta wace hanya zai shiga dasashin yaro? Wadda kuwa ta ƙudurta cewa shi kansa zaren ne yake tunkuɗe sharri, wannan ta faɗa babbar shirka, Allah ya tsare mu. Ga ma'aunin da nake ba matan da ke zuwa karatu a zaurena: a ce abin hannun ya tsinke da dare ya ɓace, gari ya waye yarinya da zazzaɓi. In zuciyarki ta ce ai shi ya sa, to ba ado kika ɗaura ba, ko da bakinki ya ce ado ne. In kuwa abin da ya dame ki asarar duwatsun ne kawai, ki kwantar da hankalinki.

Kada a cakuɗa wannan da layar da aka rubuta Alƙur'ani a ciki. Ita malamai sun saɓa a kanta tun zamanin magabata: Ibnu Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 386, ya sauƙaƙa a kanta a Risala, almajiran Ibnu Mas'ud kuwa sun ƙi ta. Baƙin zare da wuri ba shi da aya ba shi da addu'a, don haka ba shi da rabo a cikin wancan saɓanin.

Yanzu ga cinikinki. Abin da kika ƙulla na kwalliya kika zuba a faranti, ki sayar wa duk wadda ta zo; ba a ɗora miki binciken zukatan mutane ba. Amma wadda ta aiko ta faɗa da bakinta cewa na baki take so ko na haƙori, kada ki yi mata. A mazhabarmu ta Malikiyya toshe hanyar ɓarna asali ne babba: sayar da wuƙa halal ne, amma ba ga wanda ya gaya maka wa zai soka da ita ba. Ni ina ganin ki bar wannan samfurin gaba ɗaya, wato baƙin zare mai wuri guda, ko an ce ko ba a ce ba, tunda a garuruwanmu kowa ya san me ake nufi da shi. Kuma ki ja kunnen masu yi miki talla kada su ce yana maganin kaza don a saya. Wannan ƙarya ce a kan laifi, kuɗinta ba su da albarka. Na san za ki rasa wasu masu saye, wataƙila har a ce kin fara girman kai. Ki ba su haƙuri da lafazi mai daɗi, ki nuna musu masu launi, ki koya musu karanta Falaƙi da Nasi a tafin hannu a shafa wa yaro, da addu'ar tsarin da Annabi yake yi wa Hasan da Husaini, tana cikin Bukhari. Ki ƙara musu da wannan: yawancin abin da muke ɗora wa haƙori ba haƙori ba ne. Yaro yana zazzaɓi da gudawa a tsakiyar damina, sauro ya cika gari, a ɗaura masa zare a zauna jiran haƙori ya fito. Na sallaci gawar yara ƙanana da aka yi wa irin wannan jiran. A ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti a gwada jininsa tun da wuri.

Shi kuma ƙanin mijinki, kishin tauhidinsa abin yabo ne, amma ya yi gaggawa. Ibnu Mas'ud da yake koyi da shi sai da ya tambayi matarsa mene ne wannan, ta faɗa masa, sannan ya tsinke. Kuma matarsa ce, a ɗakinsa. Shi bai tambaya ba, yarinyar tana da uba a raye, kuma kai reza wuyan hannun 'yar shekara uku ganganci ne. Jifan Musulmi da shirka a kan zato ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka kada ki mai da shi gaba. Ki gaya wa maigidanki ya zaunar da shi a karanta masa wannan amsa, in ya ga ya yi kuskure ya ba ki haƙuri, magana ta wuce.

Saura 'yan hukunce-hukunce da ke biye da shi. Wajen alwala, Mukhtasar na Khalil bai wajabta motsa zoben da aka yi izinin sa shi ba, masu sharhi kuma sun haɗa da awarwaron mace. Amma tunda naki mai zugewa ne, a sassauta shi ruwa ya ratsa, an fita daga saɓani ba tare da wahala ba. Mai takaba za ta cire shi har ta cika wata huɗu da kwana goma, domin ado ne. Samarin da na fara gani da shi a hannu kuwa, ni ba na so musu: a al'adarmu jeren duwatsu a hannu kayan mata ne, hadisin Ibnu Abbas a Bukhari kuma ya yi hani mai tsanani ga namiji ya kamanta kansa da mace. Adon namiji zoben azurfa ne, wanda malamanmu suka ce kada ya wuce nauyin dirhami 2.

Jarirai kuma ki yi hattara da su ta wata fuskar daban. Hannun jariri yana ƙiba da sauri, zaren roba ba ya ba da kai, yakan nutse cikin nama ba a lura ba sai hannu ya kumbura. Komai kuma baki suke kaiwa, dutse in ya ɓalle ana iya shaƙewa da shi. Wadda ba a yaye ba, a bar mata hannunta haka nan. 'Yarki mai shekara uku kuwa ki sake ƙulla mata wani, ki bar sararin da ɗan yatsanki zai shiga tsakaninsa da fata, ki riƙa cire mata in za ta kwanta.

Wallahu a'alam.