Tuddan Kawa na Gaɓar Teku: Darasi Daga Mashigin Chesapeake

1.0 Gabatarwa

Kawa wata halittar ruwa ce mai laushin jiki wadda take zaune a tsakanin ɓawo biyu masu tauri, irin na makankarin da ake tsinta a bakin koguna. Mazauna gaɓar teku a sassa da yawa na duniya sun daɗe suna cin namanta. Abin da ya bambanta ta da kifi shi ne, da zarar ta manne a wuri guda ba ta sake motsawa har ƙarshen rayuwarta. Sababbi sukan manne a kan ɓawon tsofaffi, zuriya bisa zuriya, har su tayar da tudu a ƙarƙashin ruwa. Wannan shi ake kira tudun kawa. Wani nazari da masana suka wallafa a 2011 ya ƙiyasta cewa kashi 85 cikin ɗari na irin waɗannan tuddai sun ɓace daga duniya. Wannan bayani zai duba yadda hakan ta faru a Mashigin Chesapeake na ƙasar Amurka, da kuma matakan da aka bi wajen gyara.

2.0 Yadda Tudun Kawa Yake Ginuwa

Idan ruwa ya yi ɗumi, kawa takan saki ƙwai da maniyyi cikin ruwa, a nan ne 'ya'yanta suke samuwa. 'Ya'yan sukan yi mako biyu zuwa uku suna yawo da igiyar ruwa, daga nan sai su nitsa ƙasa neman wuri mai tauri da za su manne. Wanda ya sauka a kan ɓawo ko dutse ya tsira, wanda ya faɗa cikin laka kuwa sai ta binne shi. Wanda ya tsira yakan ɗauki kimanin shekara uku kafin ya kai girman da ake sayarwa.

Daga wannan za a fahimci cewa ɓawon kawa shi ne harsashin da zuriya mai zuwa take ginuwa a kai. Wanda ya kwashe kawa tare da ɓawonta ya ɗebe girbin bana, ya kuma tafi da gonar da za a shuka na baɗi.

3.0 Amfanin Tuddan Kawa

Amfani na farko shi ne tace ruwa. Kawa tana zuƙar ruwa ta tsame ƙananan tsirrai dangin gansakuka ta ci, sannan ta fitar da shi. Babbar kawa guda, idan yanayi ya yi mata daidai, tana iya tace kusan lita 190 a rana. Ruwan da ya washe yakan bar hasken rana ya kai ƙasa, ciyawar ƙarƙashin ruwa ta tsiro. Na biyu, ramuka da lungunan tudun mafaka ce ga ƙananan kifaye da ƙaguwa da jatan lande, waɗanda su ne abincin manyan kifayen da masunta suke kamawa. Na uku, tudun da yake kusa da gaɓa yakan karya ƙarfin igiyar ruwa, ya rage zaizayar ƙasa.

4.0 Yadda Aka Rasa Tuddan Chesapeake

Mashigin Chesapeake yana tsakanin jihohin Maryland da Virginia, a gabashin Amurka. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 320, kuma a cikinsa ne ruwan koguna irin su Susquehanna da Potomac yake gauraya da ruwan gishiri na tekun Atlantika. Irin wannan gauraye shi kawa ta fi so. A da, tuddan da ke cikinsa sun yi tsawon da har matuƙa jiragen ruwa suke kaffa-kaffa da su.

Asalin sana'ar da wani irin awartaki mai dogayen hannuwa ake yin ta, masunci yana tsaye cikin kwalekwale yana ɗebo kaɗan-kaɗan. Daga baya aka shigo da wata manjagara ta ƙarfe mai raga, wadda jirgi yake ja a ƙasan ruwa tana kankare duk abin da ta tarar. Jihar Maryland ta haramta ta a 1820, amma ta halatta ta a 1865. Lokacin ya zo daidai da bunƙasar masana'antun sa abinci a gwangwani a birnin Baltimore da shimfiɗa layin dogo, saboda haka kasuwa ta buɗe. A tsakiyar shekarun 1880, abin da Maryland kaɗai ta kwasa a kaka guda ya kai kwandon awo kusan miliyan 15, kowane kwando ɗauke da ɗaruruwan kawa. Rububin ya yi tsanani har masunta suka riƙa harbin juna, abin da ya sa jihar ta kafa rundunar 'yan sandan ruwa tun a 1868. Ɓawon da aka fitar kuma mafi yawansa bai koma ruwa ba. An yi cikon hanyoyi da shi, an ƙona shi an yi farar ƙasa, an niƙa shi a abincin kaji.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan tuddan sun baje, sai wasu masifu suka biyo baya. Sare dazuzzuka da faɗaɗa gonaki da birane sun sa koguna suna kwararo laka, tana rufe ɗan ɓawon da ya rage. Takin zamani da ruwan ƙazanta sun ƙara sinadarin naitirojin a ruwa, gansakuka ta yi yawa, idan ta mutu ta ruɓe kuma sai ta cinye iskar oksijin da halittun ƙasan ruwa suke shaƙa. Sannan aka gano cututtuka biyu masu kashe kawa a mashigin, Dermo a 1949 da MSX a 1959, waɗanda suka yi mummunar ɓarna a shekarun 1980.

A 1988, masani Roger Newell na Jami'ar Maryland ya ƙiyasta cewa kawar da take mashigin kafin 1870 tana iya tace dukkan ruwansa cikin kwana uku zuwa shida, alhali wadda ta rage a lokacinsa sai ta yi kusan shekara. Wani nazarin na 2011 ya nuna cewa a ɓangaren Maryland abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na adadin farkon ƙarni na 19 ba.

5.0 Matakan Gyara

Mataki na farko shi ne keɓe hurumi, wato wurin da aka haramta ɗibar kawa ɗungurungum. A 2010 Maryland ta faɗaɗa irin waɗannan wurare daga kashi 9 zuwa kashi 24 cikin ɗari na mazaunin kawa da ya rage. Hikimar ita ce, kawar da aka bari ta tsufa ta fi yawan ƙwai, kuma igiyar ruwa takan kai 'ya'yanta har wuraren da aka yarda a yi su.

Sai dai hani kaɗai ba ya isa inda harsashi ya riga ya rushe. Don haka mataki na biyu shi ne sake gina tudun ta hanyar zuba ɓawo ko fasassun duwatsu a ƙasan ruwa. Da yake ɓawo ya yi tsada, sai aka shiga tattara shi daga gidajen abinci, a shanya shi tsawon watanni, a wanke. Mataki na uku shi ne dashe. A cibiyar ƙyanƙyasa ta Horn Point ana renon 'ya'yan kawa cikin manyan tankuna har su manne a kan ɓawon, sannan jirgi ya kai su ya zuba a kan tudun da aka gina.

An gwada waɗannan matakai uku a haɗe a rafin Harris Creek. Zuwa 2015 an farfaɗo da kimanin eka 350, an dasa 'ya'yan kawa sama da biliyan biyu. Yarjejeniyar da jihohin yankin da gwamnatin tarayya suka sa wa hannu a 2014 ta ɗauki alkawarin yin haka a koguna goma, biyar a Maryland biyar a Virginia, kuma a 2025 aka sanar da cika alkawarin.

6.0 Saɓani Tsakanin Masunta da Hukuma

Aikin bai tafi ba tare da jayayya ba. Masunta da yawa, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, sun koka cewa wuraren da suka fi albarka ne aka hana su, kuma duwatsun da ake zubawa suna lalata musu kayan aiki. A 2019 gwamnan Maryland ya ƙi sa hannu a dokar da za ta dawwamar da hurumi biyar, amma majalisar jihar ta yi amfani da rinjayenta ta tabbatar da ita. Hanyar da ake bi don rage raɗaɗin ita ce ba da hayar wasu sassan ruwa ga masu son kiwon kawa, tare da kiyaye ƙa'idojin su a sauran wurare: ana ɗiba ne daga Oktoba zuwa Maris, kuma duk kawar da ba ta kai inci uku ba dole a mayar da ita ruwa.

7.0 Kammalawa

Abin da aka rusa cikin 'yan shekarun rububi a ƙarni na 19 ya ci miliyoyin daloli da aikin shekaru kafin a dawo da ɗan yanki daga cikinsa. Har yanzu kuma tuddan da aka gyara suna dogara ne ga tsabtar kogunan da suke kwarara cikin mashigin, domin laka da ƙazanta suna iya sake binne su. Ka'idar da labarin ya tabbatar sananniya ce ga kowane manomi: komai tsananin yunwa ba a cinye iri.

Auna Fahimta

1. Bayyana dalilin da ya sa ɓawo yake da muhimmanci ga haihuwar kawa.
2. Kawo abubuwa huɗu da suka jawo rushewar tuddan Chesapeake.
3. Me ya sa keɓe hurumi kaɗai bai wadatar ba?
4. Tsara yadda za a koyar da wannan darasi ga ɗaliban da ba su taɓa ganin teku ba.