Jami'in Alhazai, Mai Kai Maniyyaci Bakin Jirgi

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, tazarar ta kai kimanin kilomita 3,400, jirgi kan cinye ta cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Kakanninmu shekaru suke yi a kanta. Su ratsa Barno da Wadai da Darfur, su tsaya su yi ƙodago su tara guzuri, kafin su isa Sawakin a bakin Bahar Maliya. Jikokin waɗanda ba su dawo ba suna Sudan har yau.

Amma ga manomin Rogo ko dattijuwar Ƙaraye, tafiyar ba a matakalar jirgi take farawa ba. Tana farawa ne ranar da aka sayar da masara ko bijimi aka kai kuɗin kujera. Daga nan sai hannun jami'in alhazai na ƙaramar hukuma, wakilin Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano.

Aikinsa na haƙuri ne da kaifin ido. Shi zai bi maniyyaci a yi fasfo, a yi allurar shawara da ta sanƙarau, ya tabbatar sunan da ke fasfo shi ne a takardar banki, don harafi ɗaya na iya riƙe biza. A wurin bita malamai na koyar da ɗawafi da sa'ayi da jifa, shi kuma nasa karatun daban: yadda ake ɗaura bel, yadda ake buɗe ƙofar banɗakin jirgi, kada a cusa goro a jaka, agogon Saudiyya na gaban namu da awa biyu. Za ka ga tsohuwa ta ƙulle fasfonta a leda ta rataya a wuya, ta ce masa, "Ɗan nan, amanata na hannunka." Ya durƙusa ya ce, "In Allah ya yarda, Baba, har Madina."

A ganina ba a ba wannan aiki darajar da ta kamace shi. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da aka kafa a 2006, ita ke raba kujeru da tantance kamfanonin jirage, amma idan jirgi ya yi jinkiri, jami'in ake tsarewa da tambaya a sansanin alhazai. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe samaniyarta, jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙaru, shi ya yi ta bayani ga mutanen da suka haɗa kuɗinsu da ƙyar.

Dawowa ma ba ya hutawa. Sai ya ƙirga mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ya bi sawun jakar da ta maƙale, ya ga kowa ya karɓi zamzam ɗinsa. In an yi rashi a can, sau da yawa da shi ake zuwa gidan mamaci a kai kaya a yi ta'aziyya.