Kamun Kifi Mai Faɗin Baki a Kogunan Amurka

A kogin Misisipi da rassansa akwai wani kifi mai faɗin baki, ana ce da shi bas. Daga Yuni zuwa Agusta ruwa yakan yi ɗumi, sai kifin ya laɓe a inuwar itatuwan da suka faɗa kogi, ba ya fitowa kiwo sosai sai da asuba ko almuru. A lokacin ne masu fatsa ke jefa masa kifin roba mai ƙugiya. Wanda aka kama a Jihar Jojiya cikin 1932 ya kai laba 22. Amma fa sai an yanki lasin, kuma a jihohi da yawa duk wanda bai kai inci 12 ba tilas a mai da shi ruwa, domin ya girma ya zuba ƙwai.