Gudawa Bayan Shan Antibayotik: Gwajin Da Ya Kamata Ka Nema

Abu ne da aka saba gani a Abuja, daga Nyanya har Gwagwalada: mutum ya gama shan Augmentin ko cipro, ko an yi masa allurar ceftriaxone don taifot, sai gudawa ta biyo baya. Ya koma kemis, a haɗa masa wani kafso da maganin tsayar da zawo. Haka ake yi a Sabo ta Ibadan da Agege. Alhali wani lokaci maganin farkon ne ya jawo ciwon.

A hanjin kowa akwai ƙwayoyi masu amfani da ke tsare gida. Antibayotik ba ya bambance mai amfani da mai cutarwa. Idan masu gadin suka ragu, sai wata ƙwaya mai suna Clostridioides difficile, wadda likitoci ke kira C. diff, ta samu fili ta hayayyafa, tana fitar da dafi iri biyu, A da B, masu kumbura babban hanji. Tun 1978 aka gano alaƙarta da wannan ciwo. Tana iya kisa, musamman ga tsofaffi da waɗanda suka daɗe kwance a asibiti.

Matsalar ita ce, gwajin bahaya na yau da kullum, wato M/C/S, tsutsa da amiba da irinsu salmonella yake nema, ba ya ganin C. diff. Sai likita ya rubuta ta da sunanta. Akan fara da gwajin GDH, wanda ke nuna ko ƙwayar na nan, sannan gwajin dafin. Idan sakamakon biyu suka saɓa, a yi PCR. Ba kowane lab ke da kayan ba, don haka ka tambaya kafin ka biya.

Wa ya kamata a gwada? Wanda ya yi zawo ruwa-ruwa sau 3 ko fiye cikin awa 24, yana kan antibayotik ko ya sha cikin wata 3 da suka wuce. A kai bahayan cikin awa 2, domin zafi na lalata dafin, gwajin ya ce babu alhali akwai.

Kafin sakamako ya fito, a sha ruwan gishiri da sukari, a guji Imodium, a wanke hannu da sabulu, don sanitaiza ba ta kashe ta. Kuma ka tafi wa likita da kwalin maganin da ka sha.

Allah Ya ƙara mana lafiya.