Idan Banki Ya Ƙwace Gida Ɗaya, Unguwa Ce Ta Yi Asara

A shekarar 2010 kaɗai, bankuna a Amurka sun karɓe gidaje fiye da miliyan 1 daga hannun mutanen da suka kasa biyan bashin da suka saye su da shi. A can ba kasafai talaka ko ma'aikaci ke tara kuɗi ya gina gida ɗaki bayan ɗaki ba. Banki ne ke biya masa mafi yawan kuɗin gidan a lokaci guda, shi kuma ya riƙa biya duk wata, da kuɗin ruwa a kai, yawanci har tsawon shekara 30, gidan kuwa yana nan a matsayin jingina. Ranar da biya ya tsaya na wasu watanni, doka ta ba wa mai bashi damar ya kai gidan gwanjo, ya fitar da iyalin da ke ciki. Wanda ya ji wannan daga nesa zai ce ai magana ce tsakanin mutum biyu, wanda ya ci bashi da wanda ya bayar, babu ruwan maƙwabci. Abin da ya faru a biranen Amurka daga 2007 zuwa 2012 ya ƙaryata wannan fahimta. Ya nuna cewa ƙwace gida masifa ce ta unguwa, kuma maganinta mafi araha shi ne mai ba da shawara na kyauta wanda ke zaune tsakanin magidanci da banki, da sharaɗin a ce akwai jama'ar unguwa tsaye a bayansa. In babu wannan sharaɗi, aikin nasa rabi ne.

Tushen rikicin ba ɓoyayye ba ne. A shekarun da farashin gidaje ke ta hawa, kamfanonin lamuni sun riƙa ba da bashi ga duk wanda ya miƙa hannu, har da wanda ba a binciki abin da yake samu ba. Da yawa daga cikin basussukan nan kuɗin ruwansu kaɗan ne a shekara biyun farko, daga nan sai ya yi tsalle. Wanda ya ba da bashin bai damu ba, domin ba zai riƙe shi ba: zai sayar, a haɗa shi da dubban irinsa, a yanka hannun jari a sayar wa masu kuɗi a duniya. Da farashin gidaje ya fara faɗuwa daga 2006, sai miliyoyin mutane suka wayi gari bashin da ke kansu ya fi darajar gidan da suke ciki. Kuma ba a warwatsa irin wannan mugun bashi daidai wa daida ba. An fi cusa shi a unguwannin baƙar fata da na 'yan asalin Latin Amurka. A 2011 aka amince a biya dala miliyan 335 don kashe ƙarar da gwamnatin tarayya ta shigar kan kamfanin Countrywide bisa zargin tsauwala wa irin waɗannan masu karɓar bashi, a 2012 kuma bankin Wells Fargo ya amince da biyan dala miliyan 175 kan zargi makamancinsa. Tunda bashin a tare ya shiga wasu tituna, a tare ya fashe a kansu.

Unguwar Slavic Village da ke birnin Cleveland a jihar Ohio ita ce misalin da aka fi kawowa, domin a 2007 yankinta ne ya fi kowane yanki a ƙasar yawan takardun ƙwace gidaje. Idan aka fitar da iyali, gidan ba ya samun mai saye nan take. Sai ya zama kango. Ɓarayi su shiga su zare bututun tagulla da wayoyin lantarki, su ɓamɓare ƙarfen jikin bango su kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa, ciyawa ta rufe tsakar gida, masu sayar da ƙwaya su mai da shi mafaka. Maƙwabcin da bai taɓa fashin biya ba ko sau ɗaya, ko ma wanda ya gama biyan nasa tuntuni, sai ya ga darajar gidansa tana zubewa. Masu bincike biyu, Dan Immergluck da Geoff Smith, sun auna abin a Chicago, suka gano cewa kowane gida da aka ƙwace yana rage darajar gidajen da ke kusa da shi da kusan kashi 1 cikin 100. Kashi ɗaya ba komai ba ne, sai an tuna cewa a wasu tituna gidaje goma ne ko fiye suka zama kango a lokaci guda. Ƙaramar hukuma ma ba ta tsira ba, tunda harajin gidaje ne ke ɗaukar makarantu da 'yan kwana-kwana, ga kuɗin toshe ƙofofin kangaye da rushe su. Wani kwamitin Majalisar Dokokin Amurka ya ƙiyasta a 2007 cewa idan aka haɗa asarar mai gida da ta banki da ta maƙwabta da ta hukuma, ƙwace gida ɗaya yana cin kusan dala 80,000.

To mene ne aikin mai ba da shawarar? Ba bashin yake biya wa mutum ba, ba kuma lauya ba ne. Farkon aikinsa shi ne ya sa magidanci ya buɗe wasiƙun da ya tara bai karanta ba. Kamfanin Freddie Mac, ɗaya daga cikin manyan masu sayen basussukan gidaje, ya taɓa bayyana cewa fiye da rabin waɗanda aka ƙwace wa gida ba su taɓa magana da mai bashinsu ba kafin a kai ga haka. Kunya ce da tsoro, duk da cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mai shawara zai zauna da mutum su lissafa abin da ke shigowa da abin da ke fita, su gane ko matsalar ta ɗan lokaci ce, kamar jinya ko rasa aiki, ko kuwa bashin ne tun asali ya fi ƙarfinsa. Daga nan ya haɗa takardun albashi da na haraji da wasiƙar bayanin halin da ake ciki, ya tunkari kamfanin da ke karɓar biyan wata-wata. Nan ne wahalar take, domin wannan kamfani sau da yawa ba shi ne mai bashin ba, ɗan aike ne kawai na masu hannun jari, kuma sassauta bashi aiki ne mai cin lokaci da ma'aikata wanda ba ya kawo masa riba kamar kai gida gwanjo. Mai shawara ya san abin da za a iya nema: a rage kuɗin ruwa, a tsawaita shekarun biya, a ɗage biyan wasu watanni, ko a mayar da abin da ya taru ƙarshen bashin. Ya kuma san wanda zai kira idan aka ce takardu sun ɓace, abin da ya zama ruwan dare a shekarun nan.

Wannan aiki daga unguwa ya fito, ba daga ofishin gwamnati ba. A 1968 wata mata baƙar fata mai suna Dorothy Richardson, a arewacin birnin Pittsburgh, ta tara maƙwabtanta suka matsa wa bankuna da hukumar birni lamba, domin bankunan sun daina ba da lamunin gyaran gida a unguwarsu. Suka shawo kan cibiyoyin kuɗi 16, aka kafa ƙungiyar da mazauna unguwa da bankuna da hukuma ke zama teburi ɗaya. Tsarin ya bazu zuwa wasu birane, a 1978 Majalisa ta kafa hukumar da za ta yaɗa shi, wadda a yau ake kira NeighborWorks America. Da rikicin ƙwace gidaje ya ɓarke, ita wannan hukuma Majalisa ta danƙa wa dala miliyan 180 a ƙarshen 2007 don raba wa ƙungiyoyin ba da shawara. Cikin shekaru goma shirin ya ci sama da dala miliyan 850, ya kuma kai ga magidanta fiye da miliyan 2. Wato abin da aka kashe kan kowane iyali bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba. Cibiyar bincike ta Urban Institute da ta bi diddigin shirin ta gano cewa waɗanda suka samu shawara sun kusan ninka sauran sau uku wajen samun sassaucin bashi, kuma sun fi su ɗorewa da biya bayan sassaucin.

Akwai masu suka, kuma ba duka maganarsu ce ta banza ba. Na farko su ne masu cewa wanda ya ci bashi ya biya, kada a ɗora wa mai haƙuri nauyin mai gaggawa. A watan Fabrairun 2009 wani ɗan jaridar tashar CNBC, Rick Santelli, ya yi ta faɗa a kai tsaye daga kasuwar hada-hada ta Chicago kan me zai sa a biya wa waɗanda suka gaza bashinsu, maganar da ta taimaka wajen tayar da guguwar siyasa a ƙasar. Amsar ita ce mai shawara ba yafe bashi yake nema ba, hanyar biya yake nema. Kuma shi mai haƙurin da ake karewa, ai gidansa ne ke jikin kangon. Ko mai bashin kansa ya fi samun kuɗinsa daga iyalin da ke biyan abin da ya ragu duk wata, a kan gidan da aka yashe aka sayar a wulaƙance. Wani bincike a jihar Massachusetts ya nuna gidan da aka ƙwace yana faɗuwa da kusan kashi 27 cikin 100 na darajarsa wajen sayarwa. Na biyu kuma su ne masu cewa dama masu himma ne ke neman shawara, don haka ko babu ita da sun tsira. Masu binciken sun kwatanta mutanen da bashinsu da halin biyansu suka yi kama, bambancin bai gushe ba. Ba za a ce wannan ya kore shakka gaba ɗaya ba, amma tazarar ta yi faɗin da himma kaɗai ba za ta bayyana ta ba.

Suka ta uku ita ce mai nauyi: mai shawara roƙo yake yi, banki ne ke yanke hukunci. Wannan gaskiya ne. Shirin sassauta basussuka da gwamnatin Obama ta ƙaddamar a 2009 ya yi alkawarin ceto iyalai miliyan 3 zuwa 4, amma waɗanda suka samu sassauci na dindindin ba su kai miliyan 2 ba, domin an bar wa kamfanonin wuƙa da nama. Wasu magidanta suna tsakiyar tattaunawa da wani sashe na banki, wani sashen yana shirya gwanjon gidansu. A 2010 aka bankaɗo cewa ma'aikata suna sa hannu kan dubban takardun rantsuwa na ƙwace gidaje ba tare da sun karanta ba, abin da ya kai ga sasancin dala biliyan 25 da manyan bankuna biyar a 2012. Amma abin da wannan suka ke nunawa shi ne shawara tana buƙatar ƙarfi a bayanta, kuma inda ta yi tasiri sosai, ƙarfin daga unguwa ya zo. A Cleveland wata ƙungiyar unguwa mai suna ESOP ba ta tsaya ga cike takardu ba. Takan kwashi mambobinta zuwa ofisoshin kamfanonin lamuni, har ƙofar gidajen shugabanninsu, su watsa musu kifayen roba masu siffar kifin nan mai cin mutane, har kamfanoni da dama suka rattaba hannu kan yarjejeniyar ware jami'in da zai saurari ƙorafin da ƙungiyar ta kawo. A Philadelphia kuwa kotu ce ta shigo a 2008, ƙarƙashin alƙali Annette Rizzo, ta ce ba za a sayar da gidan da mai shi ke zaune a ciki ba sai an zauna ido da ido da lauyan mai bashi, ga mai shawara, ga lauyoyin sa-kai. Abin da ya cika ɗakin kotun shi ne 'yan ƙungiyoyin unguwa da ke bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, domin mutumin da ya daina buɗe wasiƙa yakan buɗe wa fuskar da ya sani. Kimanin kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka cancanta sun halarta, kusan kashi ɗaya cikin uku nasu suka cim ma yarjejeniya, kuma mafi yawan waɗannan suna cikin gidajensu bayan kusan shekara biyu.

Kashi ɗaya cikin uku yana nufin sauran ba su samu ba, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Wanda aikinsa ya tafi bai dawo ba, babu lissafin da zai riƙe masa gida. Mai shawara na gaskiya yakan faɗa masa haka da wuri, ya taimaka masa ya sayar kafin gwanjo ko ya miƙa gidan bisa yarjejeniya, ya fita da mutuncinsa, gidan kuma ya koma hannun wani maimakon ya zama kango. Wasu unguwanni sun ma riga sun tare matsalar tun daga tushe, kamar Dudley a Boston, inda ƙungiyar mazauna ke riƙe da filin, iyali su mallaki ginin a farashi mai sauƙi, ƙungiyar kuma ta duba irin bashin da za su ci tun kafin su sa hannu. A ƙarshen 2010, a irin waɗannan gidaje a faɗin ƙasar, waɗanda ke fuskantar ƙwacewa ba su kai rabin kashi 1 cikin 100 ba, alhali a sauran kasuwa sun haura kashi 4, duk da cewa masu gidajen ƙananan ma'aikata ne.

Dokoki sun ɗan gyaru tun daga lokacin. Tun 2014, a mafi yawan lokuta ba a fara shari'ar ƙwace gida sai fashin biya ya wuce kwana 120. A 2021, bayan annobar korona, Majalisa ta ware kusan dala biliyan 10 don tallafa wa magidanta, da dala miliyan 100 don ba da shawara. Sai dai kuɗin irin wannan aiki yakan zo ne idan wuta ta kama, ya ƙafe idan ta lafa, ga kuma 'yan damfara da ke bin jerin sunayen masu fashin biya suna yi musu alkawarin ceto. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Amurka waɗanda suka sayi gida da bashi, da masu dangi a can, su riƙe abu biyu: ƙungiyoyin da Ma'aikatar Gidaje ta ƙasar ta amince da su suna ba da shawarar kauce wa ƙwace gida kyauta, kuma dokar tarayya ta hana kamfanin da ke iƙirarin sassauta bashi karɓar kuɗi kafin ya kawo rubutaccen tayi daga mai bashi. Duk wanda ya ga biyan wata mai zuwa zai gagare shi, ya nemi irin wannan ƙungiya tun kafin ya yi fashin farko.