Furen gadu: ganyen da muke takawa a fadama, wasu na cin kasuwarsa

Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Wannan karin magana ne ke faɗo mini a rai duk lokacin da na dubi wani tsiro da ke yaɗo a bakin tafkuna da fadamunmu, tun daga dausayin Haɗeja da Nguru har kwarin gulbin Sakkwato. Sunansa furen gadu, masana tsirrai kuma suna kiransa Ipomoea aquatica. Ɗan'uwan dankalin Hausa ne na jini. Ganyensa mai tsini ne kamar kan mashi, furensa fari ne ko ruwan hoda mai siffar bakin kakaki, karansa kuwa yana da rami a ciki, shi ya sa yake shawagi a saman ruwa yana fitar da saiwa a kowace gaɓa.

A wurinmu ba a cika tuna shi ba sai abinci ya yi wuya, ko kuma a bar wa dabbobi. A kudu maso gabashin Asiya kuwa, kullum yana kan teburin talaka da mai kuɗi. Mutanen Malesiya da Indonesiya da Filifin suna kiransa kangkong, 'yan Biyetnam na ce masa rau muong, Sinawa kuma suna yi masa laƙabi da ganye mai ramin ciki. A Tailan ana soya shi sama-sama a wuta mai ƙarfi da tafarnuwa da barkono, a sauke kafin ya yi laushi. A Malesiya ana haɗa shi da wani maɗanɗani na jatan lande wanda aikinsa a tukunya ya yi kama da na daddawarmu. A Filifin kuma yana shiga miyar tsamiya mai suna sinigang. Duk wanda ya iya kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko miyar taushe, ko faten tsaki, ba zai rasa inda zai saka wannan ganye ba.

Ta fuskar gina jiki, giram 100 na ɗanyen ganyen na ɗauke da bitamin C kimanin miligiram 55, wato daidai da abin da ake samu a lemon zaƙi, ga sinadarin ƙarfe na ƙarin jini, ga kuma bitamin A mai kare lafiyar ido. A ƙasar da ƙarancin jini ke addabar mata masu juna biyu da ƙananan yara, bai kamata a yi wasa da irin wannan ba. Nomansa ma ba shi da tsada. Yanka karan ake yi a dasa a ƙasa mai laima, cikin mako huɗu zuwa shida a fara yanka, ya sake tohowa a sake yanka.

Batun magani shi ne inda nake son mu taka a hankali. Masu maganin gargajiya a Indiya da maƙwabtanta sun daɗe suna ba da shi domin sassauta ciki ga mai fama da taurin bayan gida, wannan kuwa ya dace da yawan zaren da ke cikinsa. A Siri Lanka ana ba masu ciwon sukari, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye sun nuna yana iya rage sukarin jini. Sai dai abin da ya yi aiki a jikin ɓera bai zama hujjar da za ta sa majinyaci ya ajiye ƙwayar da likita ya rubuta masa ba. A ci shi a matsayin abinci mai amfani, a ci gaba da zuwa asibiti.

Akwai haɗura uku da ya wajaba a sani. Na farko, yana da ɗan'uwa mai kama da shi, wato duman kada, wanda ganyensa ya fi faɗi da zagaye. Wannan yana da guba, yana sa tumaki da awaki karkarwa da tangaɗi idan suka ci, don haka wanda bai iya bambancewa ba ya tambayi manoman fadama kafin ya tsinka. Na biyu, ganyen da ya tashi a cikin ruwa na iya ɗaukar ƙwayoyin tsutsar ciki da ta hanta, waɗanda katantanwar ruwa ke yaɗawa. Wanki kaɗai ba ya wadatarwa, dafuwa ce ke kashe su. Na uku, tsiron yana zuƙe dalma da sauran ƙarafa masu guba daga gurɓataccen ruwa, kuma wuta ba ta cire su. Wanda ya tsiro a magudanar gari, ko a ruwa irin na Jakara da ke kwasar dattin masana'antu a Kano, bai cancanci tukunya ba ko kyauta aka bayar.

Ko wajen noma akwai abin lura. Saurin yaɗuwarsa ya sa hukumomin Amurka suka sanya shi cikin jerin miyagun ciyayi, domin yana toshe hanyoyin ruwa. Mu da muka ga yadda ciyawar kacala ta shaƙe kogunan Haɗeja, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. A shuka shi a kangaye, nesa da manyan magudanan noman rani.

Kirana ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da jami'o'inmu shi ne su zaɓo irin da ya dace da ƙasarmu, su gwada shi a Kadawa da Bakolori, su koya wa malaman gona yadda ake nomansa da ruwa mai tsabta. Idan aka yi haka, a watannin bazara da alayyahu ke tsada, uwargida za ta sami wani ganyen da za ta saya da ɗan abin da ke hannunta.