Bayin da Suka Kori 'Yan Salibiyya daga Akka

Idan aka tambayi malami ko almajiri a ƙasarmu wane ne ya kori 'yan Salibiyya daga ƙasar Sham, tun kafin a rufe baki zai ce Salahuddin Al-Ayyubi, kuma ba za a ce ya yi kuskure ba, domin shi ne ya karya lagonsu a Hiɗɗin a shekarar 1187, ya karɓe Baitul Muƙaddas bayan ta yi shekara 88 a hannunsu. Amma fa ya rasu a 1193 alhali Nasaran Turai suna riƙe da gaɓar teku, har birnin Akka ma da ya ci sun ƙwace shi a 1191, suka mai da shi fadar mulkinsu, kuma sai da shekara ɗari ta cika kafin a tumɓuke su. Waɗanda Allah ya ƙaddara su ƙarasa aikin kuwa bayi ne.

Ana kiransu Mamaliku, wato waɗanda aka mallaka. Yaran Turkawa ne da fatake ke sayowa daga filayen arewacin Baƙar Teku, a musuluntar da su, a hore su kan hawan doki da harbin kibiya, sa'an nan a 'yanta su a ba su muƙaman yaƙi, har ƙarfinsu ya kai a 1250 suka karɓe sarautar Misira daga dangin Salahuddin. Bayan sun tare Tataru a Ainu Jalut a 1260, sai Sarki Baibars ya juyo kan biranen Nasara yana ɗebe su ɗaya bayan ɗaya, da haƙuri irin na mai sassabe: Safad a 1266, Anɗakiya a 1268, ƙasaitacciyar ganuwar Hisnul Akrad a 1271. Sarki Ƙalawun, wanda ake yi wa laƙabi da Al-Alfi saboda dinari dubu aka saye shi, ya ci Ɗarabulus a 1289, sai ya zamana Akka ne mafi girman biranen da suka rage wa Nasara.

Akwai sulhu tsakanin Ƙalawun da mutanen Akka tun 1283, kuma fatake Musulmi suna shiga kasuwarta lafiya. A 1290 wasu baƙin mayaƙa suka sauka daga Italiya, waɗanda ba su san zaman cuɗanyar da 'yan gari suka saba da shi ba, suka afka wa Musulmi a tituna suka karkashe su. Sarki ya nemi a miƙa masa masu laifin, aka hana shi, ya ɗaura ɗamarar yaƙi, amma ajali ya cim masa yana fita daga Alƙahira, sai ɗansa Al-Ashraf Halil ya gaji sarautar da niyyar baki ɗaya.

A watan Afrilu na 1291 rundunonin Misira da na Sham suka kewaye birnin. A cikinsu akwai wani saurayi ɗan sarautar Hama, Abul Fida'i, wanda daga baya ya zama mashahurin masanin tarihi, shi ne kuma ya ba da labarin wani manjaniƙi mai suna Al-Mansuri, na'urar jifa da duwatsu wadda girmanta ya kai sai da aka rarraba ta a kan amalanke ɗari, shanu suna ja suna mutuwa saboda tsananin hunturu, har tafiyar kwana takwas ta cinye wata guda. Ana ruwan duwatsu ta sama, masu haƙa kuma suna rarake ƙarƙashin hasumiyoyi, har suka soma rushewa. Da asubahin Juma'a, 18 ga Mayu, aka buga tambura aka yi ɗauki, kafin rana ta faɗi birni ya shiga hannu, Sarkin Ƙubrus Henri na Biyu ya tsere ta jirgin ruwa. Mayaƙan Nasara na ɗariƙar Haikali suka ƙara kwana goma a cikin gininsu na bakin teku, har ya rufta a kansu da masu kai musu hari.

Gaskiya ba ta ƙyale mu mu ɓoye cewa an zubar da jini da yawa a ranar ba, an kuma kama mata da yara bayi, kamar yadda Sarkin Ingila Ricad ya sa aka yanka fursunoni Musulmi kusan 2,700 a bakin wannan birni a 1191. Marubutan Musulmi na zamanin sun ɗauki kisan 1291 a matsayin ramuwar na 1191.

Kafin ƙarshen Agusta, Sur da Saida da Beirut da Ɗarɗus duk sun faɗi, yawancinsu ba tare da wani yaƙin kirki ba, Halil kuma ya sa aka rurrushe ganuwowin gaɓar don kada jiragen Turai su sake samun masauki. Shi kansa bai daɗe yana cin moriyar nasarar ba, domin hakimansa sun kashe shi a 1293. Ƙanensa An-Nasir Muhammad ne ke kan gadon sarauta lokacin da aka ƙwace tsibirin Arwad, mafakar 'yan Salibiyya ta ƙarshe, kuma shi ne sarkin da ya karɓi Mansa Musa na Mali a Alƙahira a 1324, yana kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji.